Hajiya ta zo Landan cikin sanyi, ina zan kai ta?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Surukata, mahaifiyar maigida, ta zo mana daga gida tun farkon watan nan. Asali da rani aka so ta zo, biza ta ƙi fitowa, aka sake cike takardu, ƙanwarsa da za ta rako ta kuma aka hana ta, shi ya sa Hajiya ta taho ita kaɗai, ga shi ta faɗo tsakiyar sanyi. Tun da ta zo ba ta fita ba sai asibiti sau ɗaya saboda gwiwarta. Kullum tana zaune bakin taga, da la'asar duhu ya yi sai ta ce wannan wace irin ƙasa ce. Maigida aikin dare yake, yara sun kusa samun hutu, ni kuma ba na so ta koma ta ce ɗaki kawai ta gani a Ingila. Na riga na sayi tikitin Winter Wonderland, wurin wasanni da lilo da ake buɗewa lokacin Kirsimeti. Ranar 25 ga Disamba maigida yana gida, ita nake so mu yi babbar fitar, mu je gidan tarihi. Ina kuma ya dace?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Fara da cire ranar 25 daga lissafinki. Ranar Kirsimeti ba Tube (jirgin ƙarƙashin ƙasa), ba bas. British Museum, V&A (gidan tarihin Victoria da Albert) da Natural History Museum duk a rufe suke daga 24 zuwa 26 ga Disamba, National Gallery ma haka, ita har da 1 ga Janairu. Winter Wonderland ɗin ma ba ya buɗewa ranar.

Sai maganar lokaci. A tsakiyar Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe takwas, ta faɗi kafin huɗu. Azahar wajen sha biyu, la'asar kafin biyu, magariba kafin huɗu: salloli uku cikin awa huɗu. Saboda haka fita iri biyu ce kawai ke yi wa dattijuwa. Ko ku isa da goma daidai lokacin buɗewa ku bar wurin da ɗaya, ko ku yi magariba a gida ku fita ranar Juma'a da yamma, don ranar British Museum yana kaiwa takwas da rabi, National Gallery tara, V&A goma.

Tunda akwai ciwon gwiwa, British Museum za ki fara. Ku sauka a tashar Tottenham Court Road, akwai lif har zuwa titi. Shiga kyauta ne, amma ki ɗauki tikitin lokaci a shafinsu kafin ku fita, don lokacin hutun makaranta layin waje yana tsawo, tsayuwa cikin sanyi kuma ita ke kashe fitar tun ba a shiga ba. Suna ba da aron keken guragu, ki nema tun kafin ranar. Ɗaki biyu sun ishe ku: ɗaki na 25 a ƙasa, na kayan Afirka, inda tagullan Benin da aka kwashe a 1897 suke, sai ɗakuna na 42 da 43 a sama, na duniyar Musulunci. Kada ki ce sai kun zaga duka.

Anti Bilki:
Baban Khalifa, ka manta wa za a kai. Dattijuwa daga gida, a shigar da ita wurin da ko'ina gumaka, ga gawarwakin Masar a kwance a sama? Wata ko kwana ba za ta iya ba. Maman Hanif, V&A ki kai ta, ɗakin Jameel na kayan Musulunci. Akwai dardumar Ardabil ta 1539 zuwa 1540, tsawonta ya haura mita goma. Ba a barin fitila a kanta kullum don kada launin ya koɗe, minti goma ake kunnawa a kan kowace awa da kowane rabin awa, to ki daidaita shigarku da haka, in ba haka ba cikin duhu-duhu za ku gan ta. Ga mumbari na katako daga Alƙahira, ga tangaran, ga yadudduka. Abin da idonta zai gane ke nan.

Baban Khalifa:
Gawarwakin suna ɗakuna na 62 da 63, ba wanda ya ce ta je can. Kuma tashar South Kensington, ta kusa da wurin da kika faɗa, ba lif, matakala ce. Da wace gwiwar za ta hau? V&A ɗin ma ai cike yake da mutum-mutumi. In dai can za a je, bas za a hau, ba Tube ba.

Maman Hanif:
Na gode. Amma ranar 25 ɗin ita kaɗai maigida ke da ita, kuma Hajiya ba za ta so fita ba ɗanta ba. Za mu iya ɗaukar tasi ai.

Ummu Safiyya:
Tasi zuwa ina, 'yar uwa? Wurin ne a rufe. Ga kuɗin mota ranar ya fi na kullum. Kuma ba ki faɗa mana wace unguwa kuke ba, yaran shekara nawa, nawa kika ware. In kuna kudu ne, gidan tarihin Horniman da ke Forest Hill ya fi muku: ƙarami ne, shiga kyauta, akwai ɗakin kayan kiɗa na ƙasashe daban-daban. Su ne a 2022 suka mayar wa Najeriya mallakar kayan Benin 72. Matsalarsa tudu ne daga tasha, sai a hau bas. In gabas kuke kuma yaran ƙanana ne, Young V&A a Bethnal Green, ko Whitechapel Gallery da ke kusa da Masallacin Gabashin Landan, kin ga an huta da zancen inda za a yi salla. Yaro ɗan ƙasa da shekara 11 ba ya biyan Tube in yana tare da babba mai tikiti.

Malam Sani:
Ni abin da ke damuna daban ne. Kullum mutanenmu suna neman inda za su kai baƙi su ga al'adun wasu, amma a shirya taron namu, a kama zaure, a kira mai waƙa, sai ka ga kujeru wayam. Wanda aka ce ƙarfe biyu sai biyar a fara, alhali zauren awa-awa ake biya. Sannan a ce babu abin yi a garin.

Ummu Safiyya:
Malam, wa zai fito da yara cikin ruwan sama ya zauna awa uku yana jiran babban baƙo? A gyara lokaci a gani.

Baban Khalifa:
Mu dawo kan magana. Tikitin Winter Wonderland na wane lokaci kika saya? Wurin a fili yake cikin Hyde Park, ba rufi, tafiya ce mai yawa, kuma tikitin na shiga ne kawai, kowane lilo da kuɗinsa. Da yamma cunkoso ne, ga rumfunan giya da naman alade. Ni ban ga abin da Hajiya za ta yi can ba. In fitilu kike so ta gani, ku hau bas da ke bi ta Regent Street da Oxford Street bayan magariba, ta zauna kusa da taga cikin ɗumi. A Janairu kuma akwai nunin fitilu na Winter Lights a Canary Wharf, kyauta.

Maman Hanif:
Na Asabar ne ƙarfe shida. Yaran na yi wa alkawari tun bara, ba zan iya fasawa ba. Kuma Hajiya ba irin tsofaffin nan ba ce, tana son hayaniya, a gida ba bikin da ke wuce ta.

Anti Bilki:
To in za ta je, kayan ciki masu riƙe ɗumi a ƙarƙashin atamfa, safa biyu, takalmi rufaffe mai kauri a ƙasa, safar hannu, hula ƙarƙashin mayafi. Sanyin daga ƙasa yake shiga ƙafa. Awa ɗaya da rabi, kada ku wuce. Gidan tarihi kuma akasin haka ne, ciki da zafi, ki sa mata abin da za a iya cirewa ɗaya-ɗaya. Kada ki ɗauki akwati mai taya, British Museum ba sa barin shiga da shi, kuma ana duba jaka a ƙofa.

Malam Sani:
Ku kai yaran wasan panto, wato wasan kwaikwayon barkwanci na Kirsimeti, a gidan wasan Hackney Empire mana, a zaune ake kallo.

Baban Khalifa:
Namiji ne ke shigar mata a wasan, ga barkwancin Turanci awa biyu. Wa zai yi wa Hajiya tafinta? Ni dai na faɗa: British Museum, safiyar ranar aiki, ɗaki biyu.

Maman Hanif:
Ranar aiki maigida barci yake da safe. Ranar 26 fa, ba inda yake buɗe ko ɗaya? Kuma keken guragun nan, ban san yadda zan faɗa mata ba, za ta ce na mayar da ita gurguwa.

Ummu Safiyya:
Har yanzu ba ki faɗi unguwarku ba.