Neman shawara: za mu sayar da fili mu kai Baba ƙasar waje a yi masa allurar dendiritik

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Mahaifinmu yana fama da kansar wata gaɓa ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci ke kira furostet, kuma an ce ta fara taɓa ƙashi. Yana karɓar allurar rage sinadarin maza. Yanzu wani dillali ya haɗa yayanmu da wani asibiti a ƙasar waje, wai za su ɗebi jinin Baba su sarrafa ƙwayoyin dendiritik, su mayar masa, shi ke nan garkuwar jikinsa ta cinye kansar. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai mun sayar da filin Hajiya. Abin gaskiya ne ko damfara?

Wani likita: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Ƙwayoyin dai gaskiya ne. Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka gano su a saifar ɓera a 1973, a Jami'ar Rockefeller da ke New York. Suna zaune a fata da hanci da hanji, duk inda cuta za ta iya shiga. Idan suka haɗiyi abu baƙo sai su yanki wani ɓangarensa su kai kaluluwa, su nuna wa ƙwayoyin T, wato mayaƙan garkuwar jiki, kamar ɗan leƙen asirin da ya kawo wa sojoji hoton wanda ake nema. Kaluluwar da ke fito miki a hantsa idan kin ji ciwo a ƙafa, wannan aikin ake yi a ciki.

Maganin da Amurka ta amince da shi a kan wannan hanya shi ne Provenge, a 2010, kuma don irin kansar Baba ne, amma sai bayan maganin rage sinadarin maza ya daina aiki. A gwajin da aka yi a kan maza 512, waɗanda suka karɓa sun ƙara kusan wata 4 a raye a kan waɗanda ba su karɓa ba. Wata 4, 'yar uwa, ba warkewa ba. Farashinsa lokacin dala 93,000 ne, sau uku ake ɗurawa. To duk wanda ya ce muku zai cinye kansar, ya faɗi abin da masu maganin ma ba su faɗa ba.

Wata 'yar uwa: Mu ma haka aka yi mana da goggonmu. Kuɗi suka tafi, ko takardar sakamako ba a ba mu ba. Kada ku taɓa filin Hajiya tukuna.

Malamin jami'a: Ƙari a kan bayanin likita. Ƙwayoyin nan ba faɗa kawai suke kunnawa ba, su ne kuma ke kashe shi. Idan suka kai abu kaluluwa ba tare da alamar haɗari ba, ƙwayoyin T sai su koyi ƙyale shi. Da haka jiki ba ya yaƙar kansa, ba ya yaƙar tuwon da muka ci. Kansa kuwa daga jikin mutum take, don haka takan sa a ɗauke ta a matsayin 'yar gida, nan wahalar take. Shi ya sa ma ake zuba sinadarin tada garkuwa a allurar rigakafi, irin Matrix-M da ke cikin R21 ta zazzaɓin cizon sauro. Steinman da kansa ya kamu da kansar fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, a 2007, ya gwada irin waɗannan allurai a jikinsa, ya rasu kwana 3 kafin a sanar da ba shi kyautar Nobel a 2011.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To Likita, me zan faɗa wa Yaya? Ya riga ya fara ciniki.

Wani likita: Ki ce ya nemi sunan maganin a rubuce, da hukumar da ta amince da shi, da lambar rajista idan gwaji ne, don gwajin gaskiya galibi ba a sayar wa majiyyaci maganin. Ku kai takardun ga likitan da ke duba Baba. Kuma duk abin da kuka yanke, kada Baba ya tsallake allurarsa ta wannan watan.