Landan ta yi wa Ireland ta Arewa ƙarfa-ƙarfa, ko su suka bar gida ba kowa?

Baban Amira: Ni fa har gobe abin da Landan ta yi wa Ireland ta Arewa a 2019 ƙarfa-ƙarfa nake kiransa. Majalisarsu ta Stormont a kulle tun Janairun 2017, sai 'yan majalisar Birtaniya ta Westminster suka ga gida ba kowa suka cusa auren jinsi da zubar da ciki cikin dokar ƙara wa'adin kafa gwamnati, wai in ba a dawo zama ba zuwa 21 ga Oktoba shikenan ta fara aiki. Haba.

Anti Hauwa: To Baban Amira wa ya kulle majalisar? Su da kansu fa. Martin McGuinness na jam'iyyar Sinn Féin, mataimakin shugaban gwamnatin yankin, ya ajiye muƙami kan badaƙalar tallafin ɗumama ɗaki, wadda gwamnati ke biyan mutum fiye da kuɗin makamashin da ya ƙona, daga nan manyan jam'iyyun yankin biyu, DUP da Sinn Féin, suka shekara uku suna ja-in-ja kuma albashi na shiga aljihu ko da an rage shi. Ka ƙi zuwa aiki sannan ka ce don me wani ya taɓa maka tebur?

Baban Amira: Anti ai ba gyaran titi ba ne, magana ce ta addini da tarbiyya. Sai a jira su.

Ɗan Zariya: Yaya ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Ni ma ba goyon bayan abin nake ba wlh, amma a Nuwamban 2015 Stormont ɗin da kanta ta kaɗa ƙuri'a kan auren jinsi, 53 suka yarda 52 suka ƙi, DUP ce ta taka birki da takardar ƙorafin da aka tanada don kare ɓangarorin biyu, masu son zama cikin Birtaniya da masu son haɗewa da Ireland. Kaga rinjayen yana nan tun kafin Landan ta sa baki.

Malama Zee: Nan ne kuke haɗa abu biyu wuri ɗaya. Na aure eh akwai rinjaye. Amma zubar da ciki fa? A Fabrairun 2016 majalisar ta ƙi sassauta dokar ko da likita ya ce jaririn ba zai rayu ba, 59 da 40. Sai ga Stella Creasy, 'yar majalisa daga Walthamstow a Landan, ta kawo gyara ya wuce da 332 da 99. Mutanen Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, ba su zaɓe ta ba kuma ba su da hanyar kayar da ita.

Anti Hauwa: Ai suna da kujeru a Westminster ɗin.

Malama Zee: Suna da su Anti, 'yan DUP sun yi ta kumfar baki aka rinjaye su, su kuma 'yan Sinn Féin bakwai a lokacin ko shiga zauren ba sa yi saboda ba za su yi wa sarauniya rantsuwa ba.

Baban Amira: Yauwa Malama, abin da nake faɗa kenan.

Malama Zee: A'a rabi na ba ka, na auren Ɗan Zariya ya kayar da kai. Ka fara amsa masa 53 da 52 ɗin nan tukuna.