Taƙaitawa: al'adun 'yan'uwa masu bi

Ga abin da na tsinta daga muhawarar da aka yi kan yadda Kiristoci za su bi da bambancin al'adunsu na ci, sha da sutura:

1. Kusan kowa ya koma Romawa 14 da 1 Korantiyawa 8 a Littafi Mai Tsarki: in abincinka zai sa ɗan'uwa tuntuɓe, ka haƙura da shi.
2. Naman alade: in baƙonka ɗan Adventist ne (ikilisiyar da ba ta cin alade) ko sabon tuba, kada ka ɗora masa, kada kuma ka yi masa ba'a.
3. Ɗankwali: inda ake ɗaurawa a sujada, ki ɗaura kawai.
4. Burkutu ne ya raba kawuna. Wasu sun ce a bar shi kwata-kwata, wasu sun ce laifin a buguwa yake. Nan kam ba a daidaita ba.
5. Kaɗan sun ja kunne, kuma da gaskiyarsu: mai raunin bangaskiya ma kada ya mai da al'adarsa doka a kan kowa.