Zuwa matsirgar ruwan Setti Fatma a watan Janairu: me za mu shirya?

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne muke karatu a Marrakesh ta ƙasar Maroko, muna so mu je kwarin Urika ranar Asabar mu ga matsirgar ruwan Setti Fatma, mu dawo a ranar. An ce guda bakwai ne. A wannan sanyin za a iya kaiwa ga duka? Wane kaya za mu sa, kuma ƙarfe nawa ya kamata mu tashi?

Mai Sanda:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ku cire bakwai ɗin nan daga lissafi. A Janairu ta farko ta ishe ku, in ƙasa ta bushe ku ƙara ta biyu.

Daga Marrakesh zuwa ƙauyen kimanin kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi a babbar tasi. Marrakesh tana kan tsayin mita 460, Setti Fatma kuwa wajen mita 1,500. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, don haka safiyar da kuka ji digiri 6 a gari, can sama ruwa na dab da daskarewa. Feshin matsirgar yana sauka a kan duwatsun da ke gefenta, ya kwana ya zama ƙanƙara siririya kamar gilashi. Ido zai ce maka dutse ne mai laima, sai ka taka ka gane. Ɓangaren da ke cikin inuwa yakan wuni bai narke ba.

Saboda haka sammako ba shi da amfani. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kuma kwarin matsattse ne, haskenta bai isa ƙasa da wuri. Ku bar gari ƙarfe tara, ku fara hawa wajen sha ɗaya. Daga ƙauye za ku haye kogi ta gada, ku bi tsakanin rumfunan masu abinci da masu sayar da kaya, sannan hanya ta koma kan duwatsu, inda sai an haɗa da hannu. Ta farko minti 30 zuwa 45 ce. Ku yanke lokacin juyowa tun kuna ƙasa: ƙarfe uku, duk inda kuka kai. Faɗuwar rana sai wajen bakwai saura kwata, amma dutse yana tare ta tun kafin nan, sanyi ya sauko lokaci guda.

Bazazzagiya:
Yaya Mai Sanda ya gama maganar lokaci. Ni kaya zan yi magana a kai, domin a nan mutanenmu suka fi kuskure. Mun saba da hunturun gida, busasshen sanyi, ka lafta babbar riga ɗaya shi ke nan. A dutse gumi ne matsalar. Kana hawa kana zufa, singiletin auduga ta shanye, da ka tsaya bakin ruwa iska ta buge ka, sai rigar ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Auduga ba ta bushewa da wuri, wandon jins ma haka.

Ku sa riga hawa uku: ta ciki irin ta 'yan ƙwallo wadda ba ta riƙe gumi, suwaita ta ulu a kai, sai jaket mai tare iska da ruwa. Da an fara hawa ku cire ta tsakiya ku sa a jaka, ku mayar da ita da zarar kun tsaya, kafin jiki ya huce. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, da safa ta biyu a cikin leda. Doguwar riga ko abaya a ɗage ta ko a sa wando mai kauri, domin akwai wurin da ake hawa tsani kuma gefen riga yana harɗe ƙafa.

Takalmi: ku juya shi ku duba ƙasansa. In haƙoran sun cinye ya yi sumul, ku bar shi a ɗaki.

Kowa ya riƙe ruwa lita ɗaya da rabi, ko ba a jin ƙishi a sha. Filas na shayi ɗaya don ku huɗun, dabino, gyaɗa, burodi. Alwala ku yi ta a ƙauye kafin ku hau, azahar tana shiga wajen biyu saura minti ashirin, kuma ruwan da ke can kan dutsen narkakkiyar dusar ƙanƙara ce, hannu mutuwa yake yi a ciki. In ɗayanku ya fara karkarwa, yatsunsa sun kasa jan zif, magana ta fara sarƙe masa, a cire masa jiƙaƙƙen kaya, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari, a sauko da shi nan take.

Tsohon Hannu:
Abu ɗaya zan ƙara wa Malam Mai Sanda: saukowa ta fi hawa haɗari, don haka kada ku hau abin da ba ku ga yadda za ku sauka daga kansa ba. A wuri mai tsauri ku juya ku fuskanci dutse, hannu biyu da ƙafa ɗaya a riƙe kafin a matsar da ɗayar. A tsani mutum ɗaya-ɗaya, na ƙasa ya matsa gefe saboda tsakuwar da na sama zai turo. Ruwa yana shiga tsagar dutse, ya daskare da dare ya faɗaɗa ta, rana ta yi ya narke, dutse ya saki. Yankin kuma cikin lardin Al Haouz yake, inda girgizar ƙasa ta Satumba 2023 ta yi ɓarna, don haka ku tambayi 'yan ƙauyen halin da hanya take ciki a ranar.

Ɗan jagora ya cancanci kuɗinsa a wannan lokacin. Ku daidaita farashi da iyakar inda zai kai ku tun kafin ku haye gada.

In an yi ruwa daren Juma'a ko hadari ya rufe kan duwatsu, ku ɗage tafiyar. Kogin Urika yana cika cikin ɗan lokaci da ruwan da aka yi can sama, ko da ɗigo bai sauka inda kake ba; haka ambaliyar Agusta 1995 ta ci rayuka masu yawa a wannan kwari. Waya a aljihun ciki kusa da jiki, sanyi yana zuƙe batir. Lambar jandarmomi 177 ce.

Sabon Ɗalibi:
Allah ya saka da alheri. Mun tsaya a kan ta farko. Ɗaya daga cikinmu takalmin gudu kawai gare shi, zai yi?

Mai Sanda:
In haƙoransa na nan, zai kai shi ta farko a busasshiyar rana. Ya guji duk dutsen da ke ƙyalli, kuma ku sa shi a tsakiya, bayan ɗan jagora.