Neman kalmar Hausa: dabbar nan ta ranar 2 ga Fabrairu da sunan bikinta

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamaina. Gobe da ƙarfe bakwai na safe zan karanta rahoton minti biyu a kan bikin da Amurkawa ke kira Groundhog Day, wanda ake yi kowace ranar 2 ga Fabrairu a garin Punxsutawney na jihar Pensilbaniya tun 1887. Jama'a kan taru a kan wani tudu tun kafin gari ya waye, sai wasu dattawa masu baƙaƙen kwat da dogayen huluna su ciro wata dabba daga makwancinta. In aka ce ta ga inuwarta, to da sauran mako shida na sanyi; in kuwa ba ta gani ba, sanyi ya kusa yin sallama. Sunan dabbar nake nema da sunan ranar. An rubuto mini "aladen ƙasa", amma bakina ya ƙi ɗauka.

Tsohon Malami: Wa'alaikumus salam. Ɗana, soke aladen nan, domin wanda ya rubuta shi kalmar Turanci ya tsaga biyu ya fassara kowane ɓari, bai kalli dabbar ba. Ba ta haɗa komai da alade ba. 'Yar dangin kurege ce, sai dai ta fi shi jiki nesa ba kusa ba, ga gajerar wutsiya, kuma rami take haƙawa ta shige ta yi barcin watanni idan sanyi ya tsananta. Ka ce "kuregen Amurka", kowa zai gane inda ka dosa.

Bazazzagiya: Baba, na ga hotonta, kuma ni rema ta yi mini kama da shi, ba kurege ba. Me zai hana a ce "reman Amurka"?

Tsohon Malami: 'Yata, kama da wane ba ta wane. Rema a tsagin duwatsu yake zama, ba ya haƙa rami, alhali duk labarin nan a kan fitowa daga rami ya tsaya.

Mai Kishin Harshe: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk lokacin da baƙon abu ya zo sai mu ɗauko tsohuwar kalma mu liƙa mata "na Turawa" ko "na Amurka", kamar harshen ya daina haihuwa. Hausar da ta haifi dafa-duka da hana-salla da tattaɓa-kunne ba za ta gaza raɗa wa dabba guda suna ba. Na daɗe da ƙirƙiro "leƙa-inuwa", kuma ranar sai ta zama "Ranar Leƙa-inuwa". Suna ɗaya ya ɗauke aiki biyu.

Bazazzagiya: Allah ya gafarta Malam, dabbar nan tana rayuwarta a gonaki da bakin dazuzzukan Amurka da Kanada duk tsawon shekara, kuma ba ta san ana zancen inuwarta ba. In ɗalibi ya gamu da ita a darasin kimiyya, leƙa-inuwa za a koya masa? Dankalin Turawa kuwa shekara nawa muna cinsa da wannan suna, ba wanda ya ce Hausa ta mutu.

Mai Kishin Harshe: Hajiya, ai irin wannan sassauci ne ya sa yau yaro ba ya iya haɗa jimla uku ba tare da ya tsoma Turanci ba. Da magabata sun yi haka, da ba mu gaji komai ba.

Badamagare: Ku yi mini afuwa, amma kullum haka ake yi: a zauna a Kano ko Zariya a yanke kalma, sannan a aiko mana ita Damagaram kamar umarnin sarki. Mu ta Faransanci labarin ke iso mana, inda ake kiran dabbar marmot, ranar kuma ta faɗo daidai da idin Kiristoci da Faransawa ke kira Shandalar. Nan ne ma tushen abin. Ranar 2 ga Fabrairu ita ce ta arba'in daga Kirsimeti, wato ranar da Kiristoci ke tunawa da kai Annabi Isa ɗakin ibada na Ƙudus bayan mahaifiyarsa ta cika kwanakin jego, kuma ana sa wa kyandirori albarka a coci. Manoman Jamus sun yi imani cewa idan rana ta fito tas a wannan yini sanyi zai daɗe, kuma wata dabba mai kama da dage suke dubawa. Da Jamusawa suka yi ƙaura zuwa Pensilbaniya sai suka ɗora al'adar a kan dabbar da suka tarar a can. Wanda bai faɗi wannan a rahotonsa ba, mai sauraro zai ɗauka Amurkawa bori suke yi da ɓera.

Mai Kishin Harshe: Ɗan'uwa, ba wanda ya raina Damagaram, amma marmot ɗin naka ma ai aro ne, bambancin kawai daga gidan da aka aro.

Badamagare: Ban ce a ɗauke ta ba, Malam. Cewa na yi a riƙa tambayarmu kafin a buga hatimi.

Tsohon Malami: Ku dakata, yaron nan aiki ke gabansa. Akwai ma tarkon da ba wanda ya ambata. Idan dabbar ba ta ga inuwa ba, cewa suke yi lokacin tohuwar itatuwa zai zo da wuri, mu kuwa mun saba fassara wannan lokaci da "bazara". Bahaushe in ya ji bazara, zafin Afrilu yake ji da ƙishirwa da jiran ruwan shuka, don haka zai yi mamakin mutanen da ke murna da zuwanta da wuri. "Hunturu" ma iskar ƙura ce da fasa leɓe, ba dusar ƙanƙara ba, ko da yake kunne ya riga ya saba da ita. Ranar kuma ta kusa tsakiyar tazarar da ke tsakanin 21 ga Disamba, yini mafi gajarta a arewacin duniya, da wajen 20 ga Maris, sa'ad da dare da rana ke daidaita. Mako shidan da ake faɗi can yake kai mutum.

Mai Fassara: Na gode, iyayena. Ga abin da zan karanta: "Yau ake bikin duban inuwa a Amurka, inda ake fito da wani ƙaton kurege daga raminsa don a yi hasashen ko sanyi ya kusa wucewa." Zan kawo zancen arba'in da na Jamusawa a jimla biyu. Bazara kuwa na tsallake ta, sai dai in ce "ƙarshen sanyi".

Mai Kishin Harshe: To, ka ɗauki inuwata ka jefar da leƙen. Duban ba laifi, ko da yake yana ƙamshin bokanci. Kuregen ne dai ban amince ba, kuma a littafina leƙa-inuwa zan ci gaba da rubutawa.

Badamagare: A rubuta cewa Damagaram ta yarda da kurege na gobe kaɗai. Maganar bazara kuma a buɗe mata zaure nata daban, don mu ma muna da ta cewa.