Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba "flight engineer" na jirgin soja?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ranar Asabar zan gabatar da shiri kan ayyukan rundunar sojan sama da matasa ba su sani ba, kuma dole rubutun ya isa hannun edita kafin la'asar ɗin Alhamis. Kashi na biyu ya shafi sojan da ya daɗe yana gyaran jirgi a ƙasa, sannan ya nemi a tura shi kwas domin ya koma aikin da Turawa ke kira "flight engineer", tare da tambayar ko aikin yana da makoma. "Injiniyan jirgin sama" ba zai yiwu ba, domin da wannan suna na kira masu gyara a ƙasa a kashi na farko, kuma mai sauraro zai ji tamkar mutumin ya bar aikinsa ya sake komawa cikinsa. Ina neman suna gajere, wanda za a maimaita shi ba tare da ya gundiri kunne ba.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin a raɗa suna, ya kamata a san abin da za a raɗa wa. A jirgin dakon kaya samfurin C-130H, wanda rundunarmu ke amfani da shi tun 1975, wannan mutum yana zaune ne a tsakiya, bayan matuƙa biyu, allon maɓallai yana saman kansa. Shi ne mai lura da zafin injuna huɗu, da lantarki, da iskar da ake shaƙa a ciki, shi ne kuma mai juya mai daga wannan tanki zuwa wancan don kada fiffike ɗaya ya rinjayi ɗaya. Tun kafin matuƙa su iso, za ka gan shi da tocila yana zagaya jirgin, yana shafa ƙasan inji da yatsa ko zai ji danshin mai, yana duba taya da burki. Daga nan ya zauna ya lissafa nauyin kaya da zafin rana da tsawon titin jirgi, ya rubuta wa matuƙa gudun da za su kai kafin su ɗaga. Bambancinsa da mu masu gyara guda ɗaya ne, amma babba: mu mukan sa hannu mu tsaya a ƙasa, shi kuwa da shi ake tashi. Duk sunan da bai nuna wannan ba, bai dace da shi ba.

Mai Fassara Daga Kano: To ai Baba ya riga ya ba da amsa. A ce "injiniyan cikin jirgi". "Injiniyan tashi" bin Turanci ne sau da ƙafa, kuma Bahaushe zai tambaya ko tashin me ake nufi. "Matuƙi na uku" kuma kuskure ne, tun da ba ya riƙe sitiyari.

Malamin Hausa: Ban ga abin da zai sa mu ruga aro ba alhali rumbunmu cike yake. Kalmar "injiniya" baƙuwa ce, kuma an yi ta jan ta har ta saki, domin mai gyaran janareta ma a unguwa injiniya ake ce masa. Ni shawarata ita ce "shamakin jirgi". Shamaki shi ne mai kula da bargar sarki, shi ya san dokin da ya ƙoshi da wanda ke ɗingishi, kuma sarki ba ya hawa sai ya tabbatar masa da lafiyar abin hawansa. Wannan shi ne ainihin aikin da Baba ya bayyana. Magabatanmu ba su ari sunan matuƙi ba, daga tuƙin kwalekwale suka ɗauko shi, haka kuma jirgi kansa, ga shi yau babu mai jin baƙuncinsu.

Mai Fassara Daga Kano: Allah ya gafarta Malam, ƙirar tana da daɗin ji, amma matuƙi ya karɓu ne saboda tuƙi aiki ne da kowa ke gani kullum. Shamaki kuwa sarauta ce mai rai har gobe a fadar Kano, kuma a tarihi tana cikin sarautun bayin sarki. Sojan da ya sha wahalar kwas ba lallai ya so a fassara aikinsa da wannan ba, masu riƙe da sarautar ma ba lallai su so a ɗauke ta a liƙa wa jirgi ba.

Malamin Hausa: Wanda ya san fada ba zai raina Shamaki ba, domin hakimai da dama sai ta hannunsa suke samun ganin sarki. Abin da ke damuna shi ne duk sa'ad da aka kawo kalmar gida sai a nemo mata aibu, ta waje kuwa a karɓe ta ba tambaya. Idan kunnenku ya ƙi Shamaki, ga "muhandisi" daga Larabci, wanda ya fi kusa da mu.

Injiniya Daga Zariya: Ni ma ina adawa da "injiniya", amma dalilina daban ne da na Malam. A Najeriya wannan laƙabi yana ƙarƙashin doka tun 1970, lokacin da aka kafa COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma sai wanda ya yi karatun ya yi rajista ke da ikon sa shi gaban sunansa. A rundunoni da yawa, har da ta Amurka, masu wannan aiki ba hafsoshi ba ne, ƙananan sojoji ne da aka ɗauko daga sashen gyara aka sake horarwa. A kira shi "bakaniken cikin jirgi", ba a rage shi da komai ba.

Tsohon Bakanike: Ranka ya daɗe, ni bakanike ne kuma ban taɓa jin kunyar sunan ba. Sai dai a Zariyar da kake akwai kwalejin jiragen sama tun 1964, kuma masu gyaran da take yayewa, lasisinsu da sunan injiniya yake fitowa daga hukumar kula da sufurin jiragen sama. Fannin jirgi yana da nasa tsarin laƙabi. Ban da haka, bakanike da sifana aka san shi, wannan kuwa yawancin aikinsa a sama lura ne da lissafi da yanke shawara cikin gaggawa. Idan inji ya kama wuta, matuƙi yana riƙe da jirgi, shi ne zai bi matakan kashe injin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe masa mai, alhali shi ma ransa yana ciki.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga manya. A wajenmu gardamar girma ba ta taso ba, domin Faransanci "mécanicien navigant" yake cewa, wato bakaniken da ake tafiya da shi, kuma babu mai ganin ƙasƙanci a ciki. Hajiya ta tuna cewa ana sauraron tashoshinku har nan. Aikin ma yana raye a Nijar, tun da a 2021 Amurka ta miƙa wa sojan samanmu jirgi samfurin C-130H a Yamai. Ko wane suna kuka zaɓa, "cikin jirgi" ne zai sa mu gane.

Mai Shirin Rediyo: Na gode ƙwarai. Baba, saura batun makoma, domin a kansa ne matasa za su fi yin tambaya. Shin in ƙarfafa musu gwiwa?

Tsohon Bakanike: Ki gaya musu gaskiya duka, mai daɗi da marar daɗi. A jiragen fasinja aikin ya kusa ƙarewa. Boeing 707 da 727 da DC-10 da tsofaffin 747, irin waɗanda suka yi ta jigilar alhazanmu daga Kano, dukansu da mutum uku a gaba suke tashi. Da 747-400 ya fara aiki a 1989, kwamfuta ta karɓi kujera ta uku a cikinsa. A soja ma haka abin ke tafiya: sabon samfurin C-130J, wanda ya shiga aiki a 1999, ba shi da wannan kujera, kuma Amurka ta ajiye jiragenta na KC-10, waɗanda ke da kujerar, a 2024. Inda aikin ya rage shi ne tsofaffin C-130H, da manyan jiragen dakon kaya na Amurka samfurin C-5, da jirage masu saukar ungulu ƙirar Rasha irin Mi-17, kuma ƙasashen da ba su da kuɗin sayen sababbi za su daɗe suna riƙe da su. Saboda haka wanda ya koma wannan fanni zai samu aikin yi a cikin kaki, zai san jirgi ciki da bai fiye da yadda zai san shi a ƙasa, amma kada ya sa rai kamfanin fasinja zai ɗauke shi da wannan suna bayan ritaya. Abin da zai ci da shi a lokacin shi ne iliminsa na gyara da lasisin da ya nema tun yana cikin aiki. Ina roƙon ki da ki faɗi wannan a fili, domin na ga waɗanda suka bar sifana gaba ɗaya suka yi da-na-sani.

Malamin Hausa: Wannan bayani ya ƙara mini hujja. Idan aikin yana janyewa, babu gaggawar da za ta sa mu cusa wa harshe wata kalmar aro saboda shi.

Mai Fassara Daga Kano: Malam, "injiniya" ta daɗe da zama 'yar gida, tana da jam'inta "injiniyoyi", tana karɓar ɗafi kamar kowace kalma. Ba yau za a cusa ta ba. Kuma sabuwar ƙira tana buƙatar shekaru kafin ta kama baki, Hajiya kuwa zuwa Alhamis kawai take da lokaci.

Mai Shirin Rediyo: Ga abin da na tsayar. A ambato na farko zan ce "injiniyan cikin jirgi, wato wanda ake tashi da shi yana lura da injuna da mai a bayan matuƙa", daga nan in ci gaba da gajeren. Masu gyara a ƙasa zan mayar da su "kanikawan jirgi" don kada sunayen su yi karo. Sake horon kuma zan kira shi "sauya fanni ta hanyar kwas".

Injiniya Daga Zariya: Ban gamsu ba, amma tun da suna ne na aiki ba laƙabin da za a sa gaban sunan mutum ba, ba zan ja ba.

Malamin Hausa: A yi amfani da shi a wannan shiri saboda ƙurewar lokaci, amma kada a ɗauka an rufe magana. Zan gabatar da "shamakin jirgi" ga ɗalibaina in ji yadda kunnensu zai karɓe shi. Kuma Hajiya ta sani cewa a jirgin nan akwai mai tsara lodi da mai duba hanya, su ma har yanzu ba mu ba su suna ba.