PyMca yana buɗewa, amma wurin zanen sifektiram baƙi ƙirin

Assalamu alaikum. Ina nazarin samfuran ƙasa da na'urar XRF (mai gano sinadarai ta hanyar hasken X-ray), ina duba sakamakon, wato sifektiram, da manhajar PyMca a kan Ubuntu 22.04. Da pip (mai girka manhajojin Python) na girka shi tare da PySide6, wanda ke haɗa Python da Qt, tsarin da ke zana tagogin manhajar.

Da farko ma ƙin tashi ya yi, yana cewa ya kasa loda xcb, ɓangaren Qt da ke nuna taga a Linux. Da na girka kunshin libxcb-cursor0 sai ya buɗe. To yanzu ina loda fayil ɗin .mca, jerin fayiloli yana fitowa daidai a hagu, amma inda zanen zai bayyana a dama baƙi ne ƙirin. In na ja gefen tagar sai layin ya ɗan leƙo ya ɓace. Abin haushin, in na ɗora linzami a wurin, lambobin da ke ƙasa suna motsi, kenan zanen yana nan, nuna shi ne ba a yi.

Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Na zana shi da Matplotlib (kayan zane na Python) kai tsaye, ƙololuwar ƙarfe (Fe) ta fito sarai a 6.4 keV.

Na fita daga Wayland na shiga ta Xorg (tsarin nuni biyu na Linux), na gwada QT_QPA_PLATFORM=xcb, na sake girka komai a sabon venv (keɓantaccen muhallin Python). Duk kanwar ja ce. Katin hoton na Intel ne, wanda ke haɗe da kwamfutar.

Don Allah, ta yaya zan tantance ko matsalar daga OpenGL (hanyar zane ta katin hoto) take ko daga PySide6, kafin in koma PyQt5, madadin PySide6?